Ƙurajen da soso bai iya da su ba

Inna ce ta fara ganin su, ina wajen ƙarshen firamare. Tana shafa mini mai sai hannunta ya tsaya a bayan dantsena, ta sake bi daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, ta juyo da ni wajen haske ta ce, "Ke, wannan wane irin kaushi ne? Anya kina cuɗa jikinki kuwa?"

Ƙananan ƙuraje ne, kowanne bai wuce milimita 1 ko 2 ba, sun jeru fal a bayan dantse duka biyun, daga baya suka sauka gaban cinya da mazaunai. Ba ruwa a cikinsu, ba mugunya, ba ciwo. In kika shafa sai ki ji kamar tsigar jiki ce ta tashi ta ƙi kwanciya. Wani lokaci sukan ɗan yi ƙaiƙayi, musamman in fatar ta bushe, amma ba irin wanda ke hana barci ba. A jikina launinsu ya ɗan fi na fatar duhu, shi ya sa daga nesa wurin yake kama da wanda bai wanku ba.

Abin da Inna ta gani ke nan, kuma a kansa ta yi hukunci. Dauɗa ce, maganin dauɗa kuwa ruwan zafi ne da sabulu mai ƙarfi da soso mai kaushi. Ta karɓe wankana na wani lokaci, ta dinga dirzar wurin har sai ya yi zafi. Abin da ya ƙara mata ƙwarin gwiwa shi ne, da an gama sai wurin ya yi sumul na yini guda. Kafin mako ya zagayo sun dawo, sun fi da yawa, fatar kuma ta yi furu-furu tana raɗaɗi. Sai a ce ai ban ci gaba da cuɗawa yadda aka nuna mini ba. Ba na riƙe Inna da komai a wannan. Duk uwar da ta ga abu ya kwanta bayan an cuɗa, cuɗawar za ta ƙara.

Da soso ya gaza sai masana suka fito. Goggo ta ce ƙurajen zafi ne. Wata maƙwabciya ta ce ƙazuwa ce, a raba mana shimfiɗa da Yaya. Wani ya ce jinina ne ba kyau, wani ya ce wani abu nake ci da jikina ba ya so. Da an tsaya an lura, jikin da kansa yana ƙaryata su ɗaya bayan ɗaya. Ƙurajen zafi da gumi suke zuwa, nawa kuwa lokacin zafi da laima suke lafawa, sai sanyi ya shigo iska ta bushe su taso gaba ɗaya. Ƙazuwa tana hana mutum sakat da dare, tana shiga tsakanin yatsu, tana bin gida kaf. Ni kuwa shekara da shekaru muna gado ɗaya da Yaya, tawul ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ba ta fito mata ba. Amma yarinya ba ta gardama da manya a kan jikinta, sai dai ta miƙa hannu a shafa abin da aka kawo.

A sakandare abin ya koma daga fata zuwa zuciya. Ranar da muka fito wasanni da riga mai gajeren hannu, wata da ke kusa da ni a layi ta dubi dantsena ta ɗan matsa gefe. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Daga ranar na daina saka duk rigar da hannunta bai rufe gwiwar hannu ba, ko da gumi zai kashe ni. Mutanen da ba su da abin sukan ce, "To mene ne a ciki, tunda ba ya ciwo?" Gaskiyarsu ta ɓangaren lafiya. Sai dai budurwa mai shekara goma sha ba da ma'aunin likita take auna jikinta ba.

A shekarun ne na gano cewa ana iya matse su. In na sa farce biyu na danna gefen ɗaya, sai wani ɗan farin abu mai tauri ya fito, busasshe, ba wari. Wani lokaci a ƙarƙashinsa akwai siririn gashi a nannaɗe, in na ja shi da bakin farce sai ya miƙe, ya fi yadda nake zato tsawo. Akwai wani irin daɗi a cikin wannan aikin da duk mai irin fatar nan ya sani. Ina karatu hannuna na dama yana kan dantsen hagu yana lalube, ban ma san ina yi ba. Kowane ƙurjin da aka matse yana barin ɗigon baƙi, kuma ɗigon ya fi ƙurjin daɗewa nesa ba kusa ba. Kafin in gama makaranta, abin da mutane ke gani a hannuna tabo ne, ƙurajen kansu sai an taɓa.

Tabon ne ya kai ni ga wata mai haɗa mayukan shafawa, wadda aka yi ta yaba mini. Ta ba ni wani haɗi a roba marar rubutu, ta ce ya gama da ƙuraje da tabo gaba ɗaya. Makonnin farko na yi zaton na dace. Wurin ya yi haske, ƙaiƙayin ya ɗauke. Da tafiya ta yi nisa sai fatar ta fara sirancewa tana ƙyalli, ƙananan jijiyoyi suka bayyana, nankarwa ta tsaga mini kusa da hammata, ni da ban taɓa haihuwa ba ban kuma yi ƙiba ba. Da na daina sai wurin ya yi ta zafi da ƙaiƙayi fiye da duk abin da na taɓa ji. Daga baya likita ta gaya mini alamun mai ne mai ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta wa mai tsananin ciwon fata na ɗan gajeren lokaci, ba a shafa wata da watanni ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. Nankarwar tana nan har yau, ta dushe amma ba ta tafi ba, ƙurajen kuwa ko gezau.

Ba don kaina na je wurin likitar fata ba. Ɗana na fari ne ya zo da bushewar fata mai ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, wadda likitoci ke kira egzima, yana sosawa har jini. Ina riƙe da shi ana duba shi, hannun rigata ya zame. Likitar ta gama da yaron, ta rubuta abin da za ta rubuta, sannan ta ce, "Malama, ko zan iya ganin hannunki?"

Na ce, "Likita, wannan ai tsohon abu ne, na haƙura da shi."

Ta shafa da bayan yatsunta, ta ɗauko wani ɗan madubi mai fitila ta kara a wurin ta duba. Ta tambaye ni ko yana ƙaruwa lokacin sanyi, ko akwai a cinya, ko wani a gidanmu yana da shi, ko ya ƙaru da ina da ciki. Na biyun farko na ce e. Na ciki ma na ce e, domin a cikin yaron nan sun yi yawan da ba su taɓa yi ba. Ta ce sunansa keratosis pilaris, kuma ba sai an ɗebi jini ko an yanki fata an kai gwaji ba, ido da hannu sun isa a gane shi.

Yadda ta yi mini bayani, da abin da na karanta daga baya, ga shi. Fata tana yin wani furotin mai tauri da ake kira keratin, shi ne a farce, shi ne a gashi, shi ne kuma a saman fata yana kare ta. Matattun ƙwayoyin saman fata suna zubewa a hankali ba tare da mun sani ba, sababbi na maye gurbinsu, zagayen yakan ɗauki kamar mako 4. A jikin masu irin fatata, keratin ɗin ba ya zubewa yadda ya kamata a bakin ramin gashi, sai ya taru ya toshe shi. Toshiyar ita ce farin abin da nake matsewa. Gashin da ke ƙoƙarin fitowa ya tarar da ƙofa a rufe, shi ne yake nannaɗewa a ciki. Babu ƙwayar cuta a lamarin, don haka ba a ɗauka, ba a kuma shafa wa wani. Ba ya rikiɗewa ya zama kansa. Ba ya fitowa a tafin hannu ko tafin ƙafa, tunda can babu gashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawansa. Littattafan likitocin fata suna kawo cewa tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na matasa masu tasowa suna da shi ko kaɗan ne, manya kuma kusan kashi 40. Wato a layin wasannin nan da aka matsa mini gefe, da wuya in ni kaɗai ce. Na wasu ba ya fitowa fili ne kawai, wasu kuma sun iya ɓoyewa kamar yadda na koya.

Ta ce ba banza ta dubi hannuna ba bayan ta ga yaron. Wannan kaushin da egzima da tsananin bushewar fata sukan bi gida ɗaya. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi da ke Sikotlan suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar halittar da ke yin wani furotin mai suna filagirin tana haddasa wata irin bushewar fata mai ɓawo, tana kuma ƙara haɗarin egzima. Filagirin na cikin abubuwan da ke taimaka wa fata riƙe ruwa, kuma masu wannan tangarɗar an fi ganin ƙurajen nan a jikinsu. Ba duk mai ƙurajen ne yake da ita ba, amma gado a cikin lamarin a fili yake: in ɗaya daga cikin iyaye yana da shi, da yiwuwa sosai ya bayyana a 'ya'ya.

Da na je gida na ba da labari, sai Baba, da bai taɓa sa baki a zancen ba tsawon shekarun nan, ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Irin wannan?" Ga su nan 'yan kaɗan a bayan dantsensa, sun kusa ɓacewa. Ya ce yana saurayi sun fi haka yawa, bai taɓa ɗaukar su a bakin komai ba. Inna ta dube shi ta dube ni ta ce, "Kana kallo ina ta dirzar yarinya, ba ka ce uffan ba?" Ya ce shi bai san abu ɗaya ba ne. Aka yi ta dariya, har da ni, ko da yake tawa dariyar da ɗan ɗaci a ciki.

Maganar magani kuwa, likitar ba ta yi mini alkawarin komai ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta ce babu abin da ke raba mutum da shi har abada. Ana lallashinsa ya kwanta, in an daina ya dawo. Da yawa yakan ragu da kansa in sun doshi shekara 30, wasu ya tafi gaba ɗaya, wasu kuma ya zauna. Ni ina cikin waɗanda ya ragu bai tafi ba.

Da wanka ta fara, ba da kwalba ba. Ruwan zafi sosai da daɗewa a banɗaki suna wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi, haka ma sabulu mai kumfa da ƙamshi da yawa. Ta ce ruwa mai ɗumi, kada wankan ya wuce minti 10, sabulu mai laushi marar turare, shi ma ba sai an mulka shi a dantse kullum ba. Soso mai kaushi a ajiye. In ana son a ɗan goge wurin, tsumma mai laushi ya isa, a hankali, ba kullum ba. In an fito kada a goge jiki da tawul, a dinga dannawa, a bar ɗan danshi, a shafa mai nan take kafin minti 5. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya ga mai yara, domin da kin fito wani yana kuka wani yana kira. Sai na mayar da robar man cikin banɗakin, ban fitowa sai na shafa.

Man da ta rubuta mini mai yuriya ne. Sunan yakan sa mutane yamutsa fuska, domin sinadari ne da ake samu a fitsari, amma wadda ke cikin mai a masana'anta ake haɗa ta, kuma fatar mutum da kanta tana da ita a cikin abubuwan da ke riƙe mata ruwa. Ƙarfinta a lambar da ke jikin roba yake. Kashi 10 cikin 100 yana jawo ruwa ya tausasa fata. Kashi 20 zuwa sama yana narkar da taurin keratin ɗin kansa. Mai kashi 40 na kaushin ƙafa ne da farce mai kauri, ba na dantse ba. Akwai kuma masu lakitik asid, wanda aka fi samu a kashi 12, da masu salisilik asid, galibi kashi 2, da masu gilaikolik asid. Duk aikinsu ɗaya ne ta hanyoyi mabambanta: su sassauta matattun ƙwayoyin su zube ba tare da an dirje ba.

Na gwada lakitik asid daga baya, don an ce ya fi taimaka wa tabo. Yana aiki, amma in akwai inda farce ya taɓa, ko an yi aski a wurin, zafin da yake yi sai kin yi tsalle. Yana da ɗan wari kuma da ba kowa ke jurewa ba. Na koma ina shafa shi da dare ina tsallake kwana ɗaya, yuriya da safe, ranar da fatar ta nuna ta gaji kuma in bar su duka in shafa Vaseline zalla. Haɗa asid biyu ko uku a lokaci ɗaya, kamar yadda ake nunawa a bidiyoyin intanet, dirza ce da wani suna. Kuma mayukan asid ɗin nan suna sa fata saurin ƙonewa a rana, don haka in wurin zai fito fili sai a rufe shi ko a shafa man kare rana.

Mako na farko da na biyu ban ga komai ba. Likitar ta riga ta gaya mini kada in yanke hukunci kafin mako 4 zuwa 6, kuma da ba ta faɗa ba da na watsar. Abin da ya fara canzawa ba a ido ba ne, a hannu ne: wata rana ina saka riga na ji yadin ya wuce dantsena bai kama ba. Ƙurajen suka ragu da fiye da rabi a ganina. Tabon ya ɗauki watanni masu yawa, domin a fata mai duhu duk inda aka ji wa ciwo ko aka fusata, ƙwayoyin launi suna zuba baƙi a wurin, kuma janyewarsa a hankali take. Ba man da ya yi wa tabon aikin da daina matsewa ya yi. Na yanke farce ƙasa sosai, na kuma lura da lokutan da hannun ke tafiya can da kansa, wato in ina karatu ko ina kallon waya, sai in saka riga mai dogon hannu a lokacin, wannan karon don kare fatar daga ni.

Akwai matakin da ya fi wannan ga wanda nasa ya ƙi ji. Likitoci sukan rubuta mayukan retinoyid, irin su tiretinoyin da adafalin, masu hana ramin gashi toshewa. Suna busar da fata suna sa ta ɓawo a farko, kuma ba a shafa su in ana da ciki ko ana neman sa, shi ya sa ni ba a ba ni ba a lokacin. Akwai kuma leza, wato haske mai ƙarfi da ake haska wa fata da na'ura. Wata irin tana rage ja ga masu farar fata da nasu ke yin ja, wata kuma tana rage gashin da kaushin. Ga mai fata mai duhu sai an zaɓi irin da ta dace da hannun da ya ƙware, in ba haka ba a fito da tabon da ya fi na da. Ana yin ta zama da yawa, kuma ita ma ba ta hana shi dawowa. Na auna na ga abin da ya rage a hannuna bai kai in bi wannan hanyar ba.

Har yanzu ina cin karo da masu cewa rashin bitamin A ne, a sha ƙwayoyi. Gaskiya ne akwai wasu ƙuraje masu kama da waɗannan da tsananin ƙarancin abinci mai gina jiki ke kawowa, sun fi fitowa a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, amma wannan wani ciwo ne daban, kuma likita ne zai bambance. Shan bitamin A barkatai yana taruwa a jiki ya cutar da hanta, ga mai ciki kuma yana iya lahanta jariri. Masu cewa a bar madara ko alkama su ma na saurare su na wuce. Waɗanda nake jin haushinsu su ne masu tallan "maganin da zai kawar da shi gaba ɗaya cikin kwana bakwai", domin na san irin yarinyar da za ta saya, na kuma san abin da ke cikin irin robar nan marar rubutu.

Na taɓa sakaci da shafawar bayan haihuwata ta biyu, ga sanyi ya shigo, cikin 'yan makonni suka dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. Wannan karon ban firgita ba, na koma kan abin da na sani, suka sake kwanciya. Yanzu lokacin zafi sau biyu ko uku a mako ya ishe ni, lokacin sanyi kuwa kullum ne.

'Yata ta biyun ce ta gado ni. Nata a kumatu ya fara, wanda aka fi gani a ƙananan yara, sai kuma dantse. Na kai ta aka duba, don ba duk ƙurji ne wannan ba: in yana ciwo, ko yana fitar da mugunya, ko ya kumbura ya yi zafi, ko ya bazu cikin 'yan kwanaki, ko ƙaiƙayin ya hana barci, to wani abu ne daban, ko kuma ƙwayar cuta ta shiga inda aka sosa. Likitar ta ce nata shi ne, kuma a shekarunta kada in kusanto da asid ko ɗaya, musamman salisilik, wanda ba a so a shafa wa ƙaramin yaro a wuri mai faɗi. Mai marar turare bayan wanka, ruwa mai ɗumi, shi ke nan sai ta ƙara girma a sake dubawa.

Malamarsu ta tare ni a bakin aji ta ce, "Maman yara, wannan abin na fuskarta ba ya yaɗuwa ko? Wasu iyayen sun yi magana." Na ce ba ya yaɗuwa, na naɗe hannun rigata na nuna mata nawa, na ce tare muke kwana da ƙaninta kuma ba abin da ya same shi. Washegari na kawo mata takardar likita don ta nuna wa masu tambaya. Yarinyar kuwa ta riga ta gano ana iya matse su, don haka duk ƙarshen mako sai mun yi rigimar yankan farce.